Kwamfuta 24, ɗalibai 46: shekara guda a ɗakin kwamfutar wata makaranta

Yadda abin ya faro

Makarantar ƙaramar sakandare ce ta jeka-ka-dawo, an sakaya sunanta. Gab da shiga sabuwar shekarar karatu ta samu kwamfutocin tafi-da-gidanka guda 24, duk iri ɗaya masu aiki da Windows, da majigi ɗaya, da rauta ɗaya, wato na'urar raba intanet, irin ta gida, da layin intanet mai gudun megabit 10 a daƙiƙa. Aka ware ɗaki, aka sa wa kowane aji darasi ɗaya na minti 40 a mako. Wannan nazari ya bi aji ɗaya na 'yan shekarar farko, ɗalibai 46 masu shekara 11 zuwa 13, daga makon farko har ƙarshen zango na uku.

Buri biyu hukumar makarantar ta rubuta: ɗalibai su iya kwamfuta, malamai kuma su riƙa koyar da darussansu da ita. Ba a fayyace abin da ake nufi da "iya kwamfuta" ba, ba a kuma ware mai kula da kayan ba. Malamin lissafi aka ɗora wa ɗakin, domin shi aka sani yana da tasa kwamfutar, kuma ba a rage masa ko darasi ɗaya a jadawalinsa ba.

Kowa ya ɗauka yaran sun riga sun iya, tunda da waya suka buɗe ido. Wannan zato ya daɗe yana yawo. Tun 2001 Marc Prensky ya kira irin waɗannan yara 'yan asalin zamanin dijital, sunan kuma ya bi duniya. A kan wannan zato aka tsara zangon farko: ba darasin tushe, kai tsaye aka shiga bincike a intanet da kallon bidiyon darussa.

Zango na farko, mako na 1 zuwa na 8

An buɗe wa kowane ɗalibi asusunsa da kalmar sirrinsa. Kwamfutocin ba su da lamba, wadda ɗalibi ya fara kai wa hannu ita ce tasa a ranar. Windows kuwa, duk lokacin da mutum ya shiga asusunsa a wata kwamfuta karo na farko, sai ta ɗauki mintuna tana shirya masa wuri. Tunda yaro kusan kullum sabuwar kwamfuta yake ɗauka, kullum sai ya yi wannan jira, kuma aikin da ya adana a makon jiya yana cikin wata kwamfutar da ke hannun wani. A kowane darasi ana samun ɗalibai 6 zuwa 10 da suka manta kalmar sirri, malami ya bar koyarwa ya koma sake musu ita ɗaya bayan ɗaya.

Intanet ɗin ma bai ɗauka ba. Megabit 10 idan aka raba wa kwamfuta 24, kowace ba ta samun ko rabin megabit, alhali bidiyo mai matsakaicin kyau, wato 480p, yana son kusan megabit ɗaya. Bayan haka, da zarar an kunna kwamfutocin sai su fara sauke sabuntawar Windows a ɓoye, su cinye abin da ya rage. Rautar kuma a kan zangon sigina na 2.4 GHz kaɗai take aiki, an ajiye ta a kan tebur bayan kabad na ƙarfe, kuma an yi ta ne don na'urorin gida ɗaya. Idan kwamfutoci suka haura 15 suna aiki a lokaci guda sai wasu su riƙa yankewa.

Caja ita ce ta uku. Ana tara cajoji a kwali ɗaya, wayoyi su sarƙe, ba wanda aka ɗora wa alhakin jona su bayan darasi. Ajin da ke shiga bayan tara yakan tarar da kwamfuta 5 ko 6 ba caji.

A zaune kuma, yara biyu ne a kan kwamfuta ɗaya, amma wanda ya fi ƙarfin hali shi ke riƙe ta daga farko har ƙarshe. Ɗayan kallo ne nasa. Zuwa mako na 8 akwai ɗaliban da yatsansu bai taɓa madannai ba.

Mako na 9 da na 10: an tsaya an auna

Mataimakiyar shugaban makaranta ta zauna a darussa uku da agogo da takarda, tana rubuta lokacin da kowane abu ya fara da lokacin da ya ƙare. Matsakaicin abin da ta samu a cikin minti 40: tahowa daga aji da zama, minti 6, rabon kwamfuta da neman caja, 7, kunnawa da shiga asusu, 9, jiran shafi ya buɗe, 5, kashewa da mayar da kaya, 5. Jimilla 32. Minti 8 ne suka rage na koyo.

A mako na 10 aka yi wa ɗaliban gwaji na aiki da hannu, ba na takarda ba, rukuni biyu, kowa shi kaɗai a gaban kwamfuta. Cikin 46, ɗalibai 41 sun buɗe burauza sun nemo bidiyo ba tare da taimako ba. Waɗanda suka iya buɗe sabuwar folda su sa mata suna, 9. Waɗanda suka adana fayil da sunan da aka ba su, suka rufe, suka sake nemo shi, 6. Waɗanda suka buga kalma 40 cikin minti 5 da manyan baƙaƙe da aya a inda ya dace, 11. Waɗanda aka nuna wa shafi suka iya faɗin wanda ya wallafa shi, 3.

Dalilin wannan giɓi yana cikin yadda aka gina waya. Waya tana ɓoye wa mai ita inda fayil yake, tana adana hoto da kanta, tana gyara rubutu, tana ƙarasa kalma. Yaron da ya shekara uku yana shafa fuskar waya zai iya zama bai taɓa ganin folda ba, bai san bambancin danna linzami sau ɗaya da sau biyu ba, kuma babban baƙi yana yin sa ne ta kunna Caps Lock ya kashe. Ba wannan makaranta kaɗai ba ce. A gwajin ICILS na 2018, wanda aka yi wa ɗaliban aji na takwas a ƙasashe da dama, kashi 2 cikin 100 ne kawai suka kai mataki mafi girma na iya aiki da kwamfuta da bayanai, kashi 18 kuma ba su kai ko matakin farko ba.

Hutun zango: gyaran kaya

Aka sa wa kwamfutocin lamba daga 1 zuwa 24, a murfi da kuma jikin caja. Aka yi kabad mai rami 24 da ƙofofin iska, aka ɗaure kowace caja a raminta yadda ba ta fita. Caja mai wat 65 sau 24 ya kama wat 1,560, saboda haka mai aikin lantarki ya ja wa kabad ɗin layinsa, aka daina jona soket a kan soket.

An soke asusun kowa da kowa. Kowace kwamfuta ta koma asusu ɗaya na ɗalibi wanda ba ya neman kalmar sirri kuma ba shi da ikon girka manhaja, da asusun malami mai kalmar sirri. Kwamfuta 23 na ɗalibai ne, ta 24 aka mayar da ita uwar garke, wato wadda sauran ke ɗauko abu daga cikinta ba tare da intanet ba. A kanta aka girka Kolibri, manhajar kyauta ta ƙungiyar Learning Equality, aka sauke bidiyo da atisayen da ake buƙata sau ɗaya cikin dare. Aka ƙara Kiwix mai ɗauke da kwafin Wikipedia, da kwaikwayon gwaje-gwajen kimiyya na PhET, da folda ɗaya ta kowa inda kowane aji ke da jakarsa. Aka ba ta adireshi tsayayye don kada ya canza, aka ajiye wannan adireshi a matsayin shafin farko na kowace burauza.

Aka cire rautar gida daga aikin raba Wi-Fi, aka kafa na'urar raba sigina mai zango biyu a silin, tsakiyar ɗaki, aka sa kwamfutocin a kan 5 GHz. Uwar garken da kebul aka haɗa ta, ba da Wi-Fi ba. A kowace kwamfuta aka nuna wa Windows cewa layin mai ƙididdigar data ne, don ta rage sauke sabuntawa a lokacin darasi, aka ware yammacin rana ɗaya a mako don yin sabuntawar da gangan.

Wani kuskure ya fito a nan. Kwamfutoci uku da aka ajiye ba caji tun ƙarshen zango sun dawo batirinsu ba ya riƙe wuta. Batirin lithium ba ya son a bar shi fanko na tsawon makonni, ba ya kuma son zafi. Daga nan aka kafa doka: kafin kowane dogon hutu a kai caji wajen rabi, a kashe kwamfuta gaba ɗaya, a ajiye a inda rana ba ta bugu.

Zango na biyu, mako na 1 zuwa na 6: komawa tushe

An matsar da darasin kwamfuta ya manne da na kimiyya, aka samu minti 80 a jere a ɗaki ɗaya. An rage wa malamin ɗakin darussa uku a mako don kula da kaya. Kowane ɗalibi biyu suna da lambarsu, kwamfutarsu ɗaya ce har ƙarshen shekara. Ɗalibai huɗu ke shiga minti biyar kafin darasi su jera kwamfutoci su kunna, su ne kuma ke mayarwa su jona caji, ana canza su duk wata. Da aka sake aunawa, lokacin da ke tafiya a shiga da fita ya sauko zuwa minti 12 cikin 80.

Zaman biyu-biyu ma an sa masa tsari da aka aro daga masu rubuta manhaja: ɗaya direba ne, hannunsa a kan madannai da linzami, ɗaya mai nuna hanya, takardar umarni a hannunsa, yana faɗa da baki, ba ya taɓa kwamfuta. Duk minti 10 malami ya buga ƙararrawa a musanya. A makon farko an sha gardama, domin wanda ya iya yana ƙosawa ya karɓe. Dokar da ta kashe gardamar ita ce: wanda ya kai hannu ba a lokacinsa ba ya rasa zagayensa na gaba.

Makonni shidan sun tafi a kan abubuwa kaɗan. Linzami da taga. Folda da fayil, inda aka fara da jaka ta gaske da takardu a kan tebur kafin a je kan allo. Sanya suna bisa ƙa'ida ɗaya: aji, lambar kwamfuta, darasi, kwanan wata. Adanawa a jakar aji da ke uwar garke, a rufe komai, a sake nemowa. Wannan ana yin sa a ƙarshen kowane darasi ba fashi. Maɓallan Shift, Backspace da Enter, da gajerun hanyoyi biyar: Ctrl+S, Ctrl+C, Ctrl+V, Ctrl+Z, Ctrl+F. Sai atisayen buga rubutu na minti 10 a farkon darasi, yatsu a layin tsakiya, manuniya biyu a kan F da J masu ɗan tudu. Ctrl+Z ta yi aikin da ba a zata ba. Yaran da ke tsoron taɓa komai don kada su ɓata sun saki jiki da suka ga kuskure yana komawa baya.

Abubuwa biyu da aka gwada aka bari

An yi wa malamai 14 horo na kwana biyu, aka nuna musu manhajoji kusan goma. Sun yaba, sun karɓi takardar shaida. Bayan mako uku malamai biyu ne suka taɓa kai aji ɗakin. Da aka tambayi sauran, amsar kusan ɗaya ce: ba su ga inda abin da aka nuna zai shiga darasin da za su koyar ranar Litinin ba, kuma suna tsoron wani abu ya tsaya a gaban yara su rasa yadda za su yi.

An kuma gwada barin ɗalibai su zo da wayoyinsu don rage cunkoso. Ɗalibai 19 ne suka zo da waya, kowace da irinta, wasu ba data, kuma saƙonni na shigowa ana tsakiyar aiki. Waɗanda ba su da ita suka koma 'yan kallo kamar zangon farko. Mako biyu aka yi aka janye.

Zango na biyu, mako na 7 zuwa na 12: darasi ɗaya, malama ɗaya

Maimakon horo na kowa, malamin ɗakin ya zauna da malamar kimiyya minti 30 duk mako, suka ɗauki batu ɗaya da ta ce yara na shan wuya a kansa: kewayen lantarki, bambancin haɗa kwan fitila a jere da haɗa su kafaɗa da kafaɗa. Makarantar ba ta da batir da waya da kwan da za su ishi yara 46. PhET, wanda masanin fiziks Carl Wieman ya kafa a Jami'ar Colorado ta Amurka a 2002, yana da kwaikwayon haɗa kewayen lantarki da ake jan batir da waya da kwan a kan allo.

Karo na farko bai yi ba. An ce wa yara su buɗe su gwada. Cikin minti biyar wani ya gano cewa idan aka haɗa kan batir da gindinsa da waya kai tsaye, hoton wuta na tashi, aji gaba ɗaya ya koma tayar da gobara. Sun ji daɗi, amma ba wanda ya iya amsa tambaya a ƙarshe.

Karo na biyu aka juya tsarin. Kwamfuta a rufe, kowane ɗalibi ya rubuta hasashensa a takarda: idan aka ƙara kwai na biyu a jere, hasken na farko zai ƙaru, zai ragu, ko zai tsaya? Sai a buɗe, a haɗa, a rubuta abin da aka gani da abin da ma'aunin wuta ya nuna. Sai a rufe murfi rabi, biyu-biyu su bayyana dalilin da hasashe ya dace ko ya saɓa. Da yawa sun yi hasashen cewa kwan da ya fi kusa da batir zai fi haske, wai wuta na ƙarewa a hanya. Ganin kwai biyu sun dushe daidai wa daida a jere, sannan sun yi cikakken haske kafaɗa da kafaɗa, shi ya ba malamar ƙofar bayani. Cikin minti 68, kwamfuta a buɗe take na kusan 25 kawai. Har gajeren haɗin nan mai tayar da wuta an dawo da shi a ƙarshe, aka yi darasin fiyus da shi.

Malamin lissafi ya bi sahu da manhajar lissafi ta GeoGebra a kan kusurwoyin alwatika: yara na jan kusurwa ɗaya, siffa na canzawa, jimillar kusurwoyi na nan digiri 180.

Zango na uku: wa ya rubuta wannan?

A nan ne aka koma intanet na gaske, kuma megabit 10 ya isa tunda shafukan rubutu ne. An fara da takardar tambayoyi: shafin yana da sunan marubuci? Yana da kwanan wata? Rubutunsa ba kuskure? Adireshinsa na ƙarewa da .org? Aka ba yara shafuka biyu a kan wani magani, ɗaya na hukumar lafiya mai tsohon fasali, ɗaya na mai sayar da maganin, an ƙawata shi. Mafi yawa suka zaɓi na mai sayarwa, domin ya cika duk sharuɗɗan takardar. Duk abin da takardar ke tambaya mai shafi ne ke sa shi da hannunsa, kuma kowa na iya yin rajistar .org.

Masu bincike a Jami'ar Stanford ƙarƙashin Sam Wineburg sun ga irin wannan a 2016: fiye da kashi 80 cikin 100 na 'yan ƙaramar sakandaren da suka gwada sun ɗauki talla mai alamar "an ɗauki nauyi" a matsayin labari. Daga baya suka lura da yadda ƙwararrun masu tantance labari ke aiki, suka ga ba sa daɗewa a shafin da ba su sani ba. Fita suke yi su buɗe wani shafi su ga abin da wasu ke faɗa a kan mai shi.

Wannan aka koya wa yaran, mataki huɗu. Kafin ka karanta, nemo sunan mai shafi. Danna Ctrl+T ka buɗe sabon shafi, rubuta sunan, ka ga me wasu suka ce a kansa. Ɗauki da'awar kanta ka nema, ka ga ko wata kafa da aka sani ta faɗe ta. Idan hoto ne, sa shi a TinEye ko Google Lens ka ga inda ya fara fitowa da shekarar. Ana yin misali ɗaya na minti 15 duk mako, ba darasi guda a gama ba. An haɗa da karanta adireshi: sunan gaskiya shi ne wanda ke gab da sandar farko mai karkata da ke bayan https://, duk abin da aka jera kafinsa mai shafi ne ya zaɓa, kuma da haka ake yin shafin bogi na satar kalmar sirri.

Gwajin ƙarshen shekara

An maimaita gwajin mako na 10 da tambayoyi iri ɗaya amma shafi da rubutu daban. Buɗe folda: daga 9 zuwa 43. Adana fayil da sake nemo shi: daga 6 zuwa 40. Buga kalma 40 cikin minti 5: daga 11 zuwa 33. Gano mai shafi da dalilin yarda ko ƙin yarda da shi: daga 3 zuwa 24. Malamai biyar ke kai aji ɗakin a kai a kai. Kwamfuta 22 na aiki. Ɗaya fuskarta ta fashe, ɗaya ramin cajinta ya lalace. Makin kimiyya da lissafi na jarrabawar shekara bai bambanta sosai da na shekarar da ta gabata ba, sai a batun lantarki.

Abin da ya yi aiki da dalilinsa

Zangon farko ba a kan koyarwa ya faɗi ba, a kan minti 32 ya faɗi. Babu tsarin darasin da zai yi tasiri a minti 8, kuma ba wanda ya san haka sai da aka zauna da agogo. Gyaran da ya fi kowane amfani bai da armashi: lamba, kabad, asusu ɗaya, uwar garke, da sa'o'in da aka ba mutum ɗaya ya kula da su. Ya kamata a ce an yi wannan kafin yaro na farko ya shiga ɗakin, an kuma yi gwajin hannu a makon farko ba na goma ba. Zango guda na yaran nan ya tafi a kan zato.

Rashin motsin makin jarrabawa bai kamata ya ba kowa mamaki ba. Ƙasar Peru ta raba wa yara ɗaruruwan dubban kwamfutoci a shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro, kuma binciken da Bankin Raya Ƙasashen Nahiyar Amurka ya fitar a 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. Rahoton OECD, ƙungiyar ƙasashe ta haɗin kan tattalin arziki da ci gaba, na 2015 ya nuna ɗaliban da ke yawan amfani da kwamfuta a makaranta sun fi masu amfani da ita daidai gwargwado ƙarancin maki. A wannan makaranta ma, inda aka ga bambanci shi ne inda malama ta zaɓi batu ɗaya, ta sa hasashe kafin allo da bayani bayansa, kuma kwamfutar ta nuna abin da alli ba zai nuna ba. Horon kwana biyu ya ba malamai manhaja ba tare da darasi ba. Zaman minti 30 ya fara daga darasi ya nemo manhaja.

Tantance labari shi ne ya fi jan ƙafa, kuma 24 cikin 46 ba abin a kwanta a kai ba ne. Folda ana koyon ta sau ɗaya ta zauna, amma fita daga shafi a bincika mai shi ɗabi'a ce da ke son maimaici a darussa da yawa. An tsara a shekara mai zuwa malaman tarihi da na harshe su ɗauki misalin minti 15 ɗin a nasu darussan. Ɗalibai 6 da har yanzu ba sa iya nemo fayil, waɗanda huɗu daga cikinsu karatun rubutu ne ke ba su wuya ba kwamfuta ba, an sa su a rukunin ƙarin karatu. Ba a ware kuɗin sauya batir da gyara a kasafin makarantar ba tukuna, kuma duk sanin yadda uwar garken ke aiki yana kan mutum ɗaya, wanda aka nemi ya rubuta matakan a littafi ya koya wa malami na biyu kafin ƙarshen zangon farko na shekara mai zuwa.